LAFIYA UWAR JIKI: Zubar Jini A Ƙwaƙwalwa, Sabuwar Tiyata Da Aikin Da Ke Jiran Kafanchan

Cikin shekarar 2025 mutanen kudancin Jihar Kaduna suka sami abin da suka daɗe suna roƙo. Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta ba da Babban Asibitin garin, wanda ake kira da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, domin ya zama mazaunin cibiyar. An yi murna ƙwarai, murnar kuwa tana bisa hanya. To amma canza allon da ke bakin ƙofa abu ne mai sauƙi. Abin da ke nuna girman asibiti shi ne yadda yake yi da majiyyacin da aka kawo ranga-ranga da tsakar dare, wanda rayuwarsa ta rataya ga 'yan sa'o'i kaɗan. Cikin irin waɗannan majiyyata kuwa, da wuya a sami wanda ya fi bukatar gaggawa kamar wanda jijiya ta fashe a cikin ƙwaƙwalwarsa.

Saboda haka a wannan mako filin nan zai duba wannan ciwo, da wata sabuwar hanyar tiyata da likitocin duniya ke ta magana a kanta, watau kwashe gudan jini daga ƙwaƙwalwa ta wata 'yar ƙaramar kafa da bututun leƙe, sa'an nan a ga abin da ya kamata a tanada kafin mutumin Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi ya ci moriyarta.

SHANYEWAR ƁARIN JIKI IRI BIYU CE

Abin da jama'a ke kira shanyewar ɓarin jiki suna ɗaya ne a baki, amma a wurin likita ciwo biyu ne masu hannun riga da juna. Na farko shi ne jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ta toshe, sashen ya rasa abinci ya mutu. Na biyu shi ne jijiyar ta fashe, jini ya malala cikin naman ƙwaƙwalwa ya daskare. Daga waje alamominsu kusan iri ɗaya ne: baki ya karkace, hannu da ƙafa na ɓari ɗaya su saki, magana ta sarƙe. Amma maganin na farko, watau abin da ke tsinka jini, guba ne ga mai na biyu.

A ƙasashen Turai da Amurka, cikin masu shanyewar ɓarin jiki 100, kamar 10 zuwa 15 ne kawai ke da irin na fashewar jijiya. A nan Afirka ta Yamma lissafin ya sha bamban. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da na koyarwa da ke Kano da Zariya, ya duba majiyyata 2,118, aka buga sakamakonsa a 2018. An tarar kusan kashi 32 cikin 100 zubar jini ne, watau kusan mutum ɗaya cikin uku. Binciken ya kuma nuna cewa hawan jini shi ne uban tafiya, ya fi kowane dalili nesa ba kusa ba. Wani abin baƙin ciki shi ne ciwon yakan kama mutanen nan da sauran ƙarfinsu, galibi masu shekara 50 da 'yan kai, magidanta da iyaye mata waɗanda gida ya dogara a kansu.

Ciwon kuma mai saurin kisa ne. Ƙididdigar da aka tattara daga ƙasashe da yawa ta nuna cewa kimanin mutum 40 cikin 100 da jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsu ba su cika wata ɗaya a raye. Waɗanda suka tsira, da yawansu sukan saura sai an kwantar an tayar.

ABIN DA GUDAN JINI KE YI

A can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan jijiyoyi sirara ƙwarai, waɗanda kaurinsu bai fi na silin gashi da yawa ba. Idan mutum ya shekara da shekaru jininsa na hawa bai sani ba, ko ya sani ya yi sakaci, bangon waɗannan jijiyoyi yakan yi ta lalacewa a hankali, har ranar da ɗaya za ta ɓalle. Ƙoƙon kai kuwa akwati ne na ƙashi, ba ya miƙewa. Jinin da ya zuba ba shi da wurin zuwa, sai ya yaga naman da ke kusa, ya danne na nesa.

Likitoci sukan auna gudan jinin da mililita. Babban cokali ɗaya mililita 15 ne, ƙwan kaza kuwa wajen mililita 50. Gudan da ya kai mililita 30, watau cokali biyu kacal, ya isa ya kwantar da ƙaton mutum. Ɓarnar kuma hawa uku take yi. Da farko akwai yagewar da aka yi nan take, wadda babu mai iya mayar da ita. Na biyu, a wajen majiyyaci ɗaya cikin uku jinin yakan ci gaba da zuba cikin sa'o'in farko, gudan ya ƙara girma. Na uku, bayan kwana ɗaya ko biyu jinin da ya daskare yakan soma ruɓewa, ya saki abubuwan da ke sa ƙwaƙwalwa kumbura. Hawa na biyu da na uku su ne inda likita ke da abin yi, shi ya sa kowace sa'a take da daraja.

TSOHUWAR TIYATA DA ABIN DA YA HANA TA CIN NASARA

Hankali zai ba mutum cewa tun da jini ne ya danne ƙwaƙwalwa, sai a buɗe kai a kwashe shi. Haka likitoci suka ɗauka shekaru da yawa. Sukan yanke ƙashin kai mai faɗin tafin hannu, su ɗaga shi, su ratsa ta cikin lafiyayyen nama har su iske gudan. Amma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Hanyar da aka bi aka isa wurin takan yi ɓarnar da ta kusa cinye amfanin da aka samu.

Tun 1961 wani likita a Landan mai suna Wylie McKissock ya gwada, ya ga waɗanda aka yi wa tiyata ba su fi waɗanda aka bari a kan magani ba. Bayan shekara 44 aka sake gwaji mafi girma, mai suna STICH, ƙarƙashin Farfesa David Mendelow na Newcastle ta Ingila. An sa majiyyata 1,033 daga ƙasashe 27, aka buga sakamako a 2005. Cikin waɗanda aka yi wa tiyata da wuri, kashi 26 cikin 100 ne suka sami sauƙi mai ma'ana, cikin waɗanda aka fara da magani kuwa kashi 24. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Gwaji na biyu a 2013, mai majiyyata 601, shi ma bai kawo hujja mai ƙarfi ba. Daga nan likitoci da yawa suka yi sanyi da buɗe kai, sai fa inda rai ke gab da fita.

BUTUTUN LEƘE

Tunanin leƙa cikin kai da bututu ba sabo ba ne. A 1910 wani likita a Shikago, Victor Lespinasse, ya yi amfani da bututun da ake leƙa mafitsara da shi ya shiga kan wasu jarirai biyu masu taruwar ruwa a ka. Kayan aikin wancan zamani ba su da haske sosai, ba a gani da kyau, saboda haka abin bai yi nisa ba. Sai cikin shekarun 1960, bayan wani masanin kimiyyar haske na Ingila mai suna Harold Hopkins ya ƙago sabon tsarin gilasan bututu, aka sami endoskof, watau bututun leƙe, mai nuna hoto tangararan.

Ga yadda ake aikin a yau. Da farko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar siti-sikan, a san inda gudan yake, da girmansa, da hanyar da za a bi wadda ba ta ratsa cibiyar magana ko ta motsi ba. Sa'an nan a sa majiyyaci barci, a tsaga fatar kai kaɗan, a huda ƙashi. Kafar ba ta fi murfin kwalbar lemo ba. Ta nan ake zura wani kube mai kaurin ɗan yatsa, wanda ke ture naman ƙwaƙwalwa gefe a hankali har ya kai tsakiyar gudan. A cikin kuben ake sa bututun leƙe mai fitila da kyamara, hoton na fita a allon talabijin gaban likita. Kusa da shi kuma akwai ƙaramin bututun zuƙa, da na wanki, da wani tsinke mai ƙona bakin jijiya da lantarki idan an ga tana tsiyaya. A zuƙe jinin kaɗan-kaɗan, a wanke ramin, a ja kuben baya, a ɗinke. Bayan aiki a sake ɗaukar hoto a ga abin da ya saura. Wasu likitocin Japan, Nishihara da abokan aikinsa, sun ƙara wata dabara a shekarar 2000: suka yi kuben da roba mai gani-har-hanji, yadda likita zai riƙa ganin iyakar jini da nama ta kowane gefe.

ABIN DA GWAJE-GWAJE SUKA NUNA

Wanda ya fara gwada wannan hanya bisa ƙa'ida shi ne Ludwig Auer na birnin Graz a ƙasar Ostiriya. A 1989 ya ba da rahoton majiyyata 100, rabi aka yi musu aiki da bututu, rabi aka ba su magani kawai. Bayan wata shida, kashi 42 cikin 100 na rukunin farko suka rasu, na biyu kuwa kashi 70. Mutum 100 sun yi kaɗan a kafa hukunci a kansu, amma ƙofa ta buɗe.

A 2019 aka buga gwajin MISTIE na uku, wanda Daniel Hanley na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya jagoranta, mai majiyyata 506. Su siririn bututu suka riƙa sakawa, suna ɗiga maganin narka gudan jini, yana tsiyayowa cikin 'yan kwanaki. Bayan shekara ɗaya kashi 45 na waɗanda aka yi wa aikin sun sami sauƙi mai kyau, sauran kuwa kashi 41, bambancin da bai isa hujja ba. Amma an koyi darasi babba: waɗanda aka kwashe musu jinin har abin da ya saura bai wuce mililita 15 ba, su ne suka fi murmurewa. Ashe aikin rabi da rabi ba ya biya.

Gwajin da ya fi ɗaga hankalin likitoci shi ne ENRICH, wanda aka yi a asibitoci 37 na Amurka ƙarƙashin Gustavo Pradilla na Jami'ar Emory, aka buga a 2024. An ɗauki majiyyata 300 masu gudan jini tsakanin mililita 30 da 80, aka yi wa rabinsu aiki ta cikin ƙaramin kube cikin sa'a 24 da faruwar abin. Cikin kwana 30, kashi 9.3 na waɗanda aka yi wa aiki suka rasu, na ɗaya rukunin kuwa kashi 18. Bayan wata shida kuma masu aikin sun fi iya kula da kansu. Sai dai akwai wani sharaɗi da ya kamata mai karatu ya riƙe. Amfanin ya fito ne a wurin waɗanda jininsu ya zuba kusa da saman ƙwaƙwalwa. Ga waɗanda nasu ya zuba can ciki ba a ga riba ba, har aka daina ɗaukarsu tun gwajin bai ƙare ba. Wani gwaji mai suna MIND, wanda aka yi da bututun leƙe aka buga a 2025, shi ma bai nuna bambanci ba bayan wata shida.

Wannan sharaɗi ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin zubar jinin da hawan jini ke kawowa galibi can ciki yake faruwa. Labari mai ɗan daɗi a kan wannan ya zo daga ƙasar Sin a 2024, inda aka gwada hanyoyi uku a kan masu hawan jini fiye da 700. Cikin waɗanda aka yi wa aiki da bututun leƙe, kimanin ɗaya cikin uku ya koma yana yi wa kansa hidima, alhali cikin waɗanda aka buɗe wa ƙashi abin bai wuce ɗaya cikin biyar da kaɗan ba. Watau idan har za a yi tiyatar, ƙaramar kafa ta fi babba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma, cikin ƙa'idojinta na 2022, ta yarda cewa wannan hanya tana iya rage mutuwa ga majiyyatan da aka zaɓa da kyau.

A taƙaice dai, aikin yana ceton rai, yana rage naƙasa ga wasu, amma ba kowane majiyyaci ya dace da shi ba, kuma ba ya mayar da abin da ya riga ya yage. Duk wanda ya yi wa iyalin majiyyaci alkawarin warkewa sarai don ya karɓi kuɗinsu, ya zalunce su.

DAGA GONAR CITTA ZUWA ƊAKIN TIYATA

A ɗauka wani manomin citta ne a ƙasar Jaba ya faɗi a gona da hantsi. Kafin a ɗauko shi zuwa gida, a yi shawara, a gwada na gargajiya, a nemo mota, rana ta yi tsaka. A kai shi asibitin da ke kusa, a ce sai an yi hoton kai. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa a manyan asibitocin birane suke: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Daga Kafanchan zuwa Jos kilomita 100 ne da ɗoriya, zuwa Kaduna ya haura 200, daga can kuma a ƙara wajen 80 kafin Zariya. Ga gargadar hanya, ga fargabar tafiyar dare, ga kuɗin da sai an sayar da buhun citta ko akuya kafin a haɗa. Sa'a 24 ɗin da gwajin Amurka ya gindaya tana iya ƙarewa tun ba a ga fuskar likitan ba.

Ƙarancin likitocin kansa babban al'amari ne. Marigayi Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962. A Arewa, Farfesa Bello Bala Shehu ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kafa cibiyar wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda aka horar da likitoci da dama. Duk da haka, a farkon shekarun 2020 likitocin wannan fanni a Nijeriya duka ba su kai 200 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Haka na'urar siti-sikan: an fara ɗaukar hoton majiyyaci da ita a Landan a 1971, ba ta iso Nijeriya ba sai 1987, a Ibadan.

Kada wannan ya sa a yanke ƙauna. A garin Mbale na ƙasar Yuganda, wanda ba babban birni ba ne, wani likita mai suna Benjamin Warf ya soma aiki a wani asibitin yara a shekarar 2000, ya inganta hanyar yi wa jarirai masu taruwar ruwa a ka aiki da bututun leƙe, har likitoci daga wasu ƙasashe suka riƙa zuwa can koyo. Abin da aka yi a Mbale ba zai gagara a Kafanchan ba, in an bi abin daki-daki.

ABIN DA YA KAMATA A FARA DA SHI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bututun leƙe shi ne matakin ƙarshe na tsani, kuma wanda ya sayo shi tun bai kafa matakan ƙasa ba, a cikin kwali zai tsufa. Mataki na farko shi ne na'urar siti-sikan mai aiki dare da rana, da wutar da ba ta yankewa, da yarjejeniyar gyara a rubuce, da ma'aikacin da ke kwana kusa da ita. In babu hoto, likita lalube yake cikin duhu, bai san toshewa ce ko fashewa ba.

Mataki na biyu ba ya bukatar wuƙa ko kaɗan. A 2023 aka buga wani gwaji mai suna INTERACT3, wanda aka yi a asibitoci 121 na ƙasashe 10, har da Nijeriya, a kan majiyyata 7,036. Abin da aka yi shi ne a haɗa abubuwa huɗu a yi su da wuri ga wanda ya iso cikin sa'a shida: a sauko da lambar sama ta awon jini ƙasa da 140 cikin sa'a ɗaya, a daidaita sukarin jini, a sauko da zazzaɓi, sa'an nan in majiyyacin yana shan maganin tsinka jini a karya ƙarfinsa. Waɗanda aka yi wa haka sun fi murmurewa bayan wata shida. Wannan aiki ne na ma'aikatan jinya masu horo, da magunguna a cikin kabad, da takardar ƙa'ida manne a bango. Kafanchan kuwa tana da kwalejin horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, saboda haka ba sai an je nesa neman hannu ba.

Mataki na uku shi ne motar ɗaukar marasa lafiya mai iskar numfashi da ma'aikaci a ciki, tare da magana tabbatacciya tsakanin Kafanchan da Jos da Shika da Abuja. Yau ana iya aika hoton ƙwaƙwalwa ta waya cikin minti ɗaya. Likitan da ke can ya duba ya ce a taho da wannan, wancan kuwa a bar shi a yi masa magani a nan, domin kada a wahalar da wanda tafiya ba za ta amfane shi ba. Mataki na huɗu shi ne ɗakin kulawa ta musamman da likitan sa barci. Bayan waɗannan ne za a yi maganar ɗaukar likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da kayan aikinsa. Zuwansa kuma zai amfani wasu da yawa: 'yan acaɓa da fasinjojinsu da ke buga kai a kan kwalta, da tsofaffin da jini ke taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kansu bayan 'yar faɗuwa, waɗanda sau da yawa huda ɗaya ko biyu ke tayar da su.

Sai batun kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ware wani kaso na asusun lafiya domin irin wannan jinya. Jihar Kaduna tana da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA. Ya kamata wakilan yankin a majalisu su tsaya su ga cewa hoton ƙwaƙwalwa na gaggawa ya shiga cikin abin da waɗannan asusu ke biya, domin majiyyaci ba zai jira ranar kasuwa ba.

ABIN DA KE HANNUN IYALI

Mafi yawan sa'o'in da ake asara, a gida ake asararsu. Idan mutum ya ji ciwon kai mai tsanani farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba, ko ya soma amai, ko bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, ko barci mai nauyi ya rufe shi, to, a nemi mota nan take. Mutane da yawa sukan ce bugun iska ne ko jifa, su tsaya neman mai magani. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yinta a cikin mota.

A kwantar da shi ta gefe domin kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa kome a baki, ko ruwa, ko kunu, ko jiƙo, gama mai wannan ciwo sau da yawa ba ya iya haɗiya, abin sai ya bi ta huhu. Kada a ba shi asfirin, domin in fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Kada a tsaya yin ƙaho ko tsaga. A riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, a kwashi duk kwalayen magungunan da yake sha a tafi da su, domin likita zai tambaya.

RIGAKAFI

Duk wannan dogon bayani ya komo kan abu ɗaya mai araha. Kusan baligi ɗaya cikin uku a Nijeriya yana da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba, gama ciwon ba ya yin sallama. Awonsa bai fi minti biyu ba. Wanda aka auna aka sake aunawa aka ga ya kai 140 bisa 90 ko fiye, ya ga ma'aikacin lafiya, in an ɗora shi a kan magani ya riƙe shi kullum. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sha na wata ɗaya, ya ji garau, ya ajiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali ɗaya, a ciki kuwa har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya. Kanwa ma danginsa ce. Yawan barasa, ko ta kwalba ko burkutu, da shan taba, duk suna ƙara haɗarin.

A nan sarakuna da shugabannin addini suna da rawar takawa. Da Sarkin Jama'a, da Agwam Bajju, da Kpop Ham, da Agwatyap, da Sarkin Kagoro da sauran iyayen ƙasa za su sa baki a riƙa ajiye tebur da ma'auni ranar kasuwa, da bakin masallaci ranar Jumma'a, da bakin coci ranar Lahadi, da an gano dubban mutane tun jijiyarsu ba ta ɓalle ba. Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara ranar hawan jini ce a duniya, 29 ga Oktoba kuma ta shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan ranaku biyu sun isa a fara da su.

Kafanchan ta zama gari ne tun 1927, sa'ad da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos. Matsayin mahaɗa shi ne ya kamata sabuwar cibiyar ta riƙe ga majiyyatan Jama'a, Kaura, Jaba, Zangon Kataf, Sanga da Kachia: wurin da za a ɗauki hoto cikin sa'a ɗaya, a sauko da jini, a san wanda za a wuce da shi gaba. Jama'ar yankin kuma su riƙa tambayar shugabanninsu a kan waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, har ranar da za a yi tiyatar ƙaramar kafa a cikin garin. Kafin wannan rana, mai karatu ya je a auna jininsa cikin makon nan, ya tafi da maiɗakinsa ko maigidanta. Allah Ya ƙara wa kowa lafiya, amin.